Koren Kwanon Shekarau

Ku gyara zama, ga wata na zo muku da ita, kuma ta gardama ce. Wanda ya san ba shi da hujja a baki gara ya tashi tun yanzu, don in na kai ƙarshe ba zan bar kowa ya ce duk ɗaya ne ya kakkaɓe riga ya tafi ba.

A wani gari da ke gindin dutse, inda yumɓu ya fi hatsi albarka, an yi wani magini mai suna Shekarau. Sauran maginan garin tukunya da tulu suke yi, su gasa a rami da kara da kashin shanu. Shi kuwa tun yana saurayi ya yi yawon neman sana'a, ya dawo da abin da ba wanda ya iya a ƙasar, wato kwanukan ƙasa masu ƙyalli, waɗanda miya ba ta kama su, ruwa ba ya ratsa su. Ya gina tanderu a bayan gida, mutane suka riƙa zuwa daga nesa don kwanukansa.

Sai na gaya muku yadda ake wannan ƙyalli, in ba haka ba ba za ku gane inda maganar ta dosa ba. Ƙyallin nan gilashi ne siriri da ake narkarwa a jikin kwano, kuma asalin gilashi farin yashi ne. Amma yashi yana da taurin kai, ba ya narkewa a wutar itace irin tamu sai an haɗa shi da dalma. Da dalma ta shiga sai ya sauko, ya narke, ya kwanta sumul yana sheƙi. Ita kuwa dalma guba ce, ko da ba ta kashewa nan take. A hankali take taruwa a jikin mutum har ta kayar da shi. Saboda haka masu sana'ar ba sa shafa ta haka nan. Sukan ƙona ta ta zama gari, su auna ta da yashi da ɗan farin yumɓu, su narka su tare a tukunyar narki har su zama ruwa ɗaya, sa'an nan su tuttula shi cikin ruwan sanyi. Nan take ya tarwatse ya zama tsaki mai haske. A gidan Shekarau ƙanƙara suke kiran wannan tsaki, kuma sukan ce an ɗaure dalma, don yashi ya riƙe ta a cikinsa. Ƙanƙarar nan ake niƙawa da ruwa a shafa wa kwano a mayar wuta. In yashi ya yi kaɗan, ko wuta ba ta kai ba, ɗaurin bai yi ƙarfi ba, kuma duk abu mai tsami da aka zuba a kwanon yana iya kwance shi.

To, Shekarau gwani ne, amma ban taɓa jin labarin mutum mai zargi irinsa ba. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya ce me kake nema. In ka wuce ba ka gaishe shi ba, sai ya ce me ka ƙulla. Dalili kuwa, a farkon sana'arsa ya yi wani abokin aiki da ya zauna da shi har ya koyi komai, ya tattara ya koma wani gari ya buɗe nasa tanderun. Tun daga nan Shekarau ya daina yarda da ɗan Adam, har da waɗanda ya haifa.

'Ya'yansa uku. Babban shi ne Korau, sai mace mai suna Lantana, sai autansu Mantau. Da suka girma, uban ya raba musu sana'ar kashi uku, ya sa kowa ya rantse ba zai gaya wa ɗan'uwansa nasa kason ba. Korau aka koya wa awo da narka ƙanƙara. Lantana aka koya wa ginin kwano da niƙa da shafi da launi. Mantau aka koya wa wuta, yadda ake ciyar da tanderu, da yadda ake karanta zafinsa da ido. Ta haka ba wanda zai iya tafiya da sana'ar gaba ɗaya. Gida ɗaya suke aiki, amma kowa yana juya wa ɗan'uwansa baya in ya zo kan nasa sirrin, har abin ya zame musu jiki suka fara zargin juna su ma.

Da tsufa ya fara kama Shekarau, wata rana Korau ya ce masa cikin ladabi, "Baba, da ka haɗa mana ilimin nan wuri ɗaya tun kana da ƙarfi, don rai na Allah ne."

Tsoho ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Ashe har kun fara shirya mini likkafani."

Ba a daɗe ba ya ci wani tuwo ya kwana da ciwon ciki, irin wanda kowa kan yi ya warke. Shi kuwa ya ce sammu ne. Matarsa ta riga ta rasu, Lantana ce mai girki, sai ya daina cin abin da ta dafa. Ya kai murhu ƙofar ɗakinsa yana dama kununsa da kansa. Hakan ma bai kwantar masa da hankali ba, don ya ce ana iya shafa abu a cikin kwano tun kafin a zuba abinci. Sai ya ƙudura zai yi wa kansa kwano wanda hannun kowa bai taɓa ba, kuma mai launin da babu irinsa a gidan, don kada a musanya masa. Kwanukan gidan duk ruwan zuma ne da ruwan ƙasa, shi sai ya zaɓi kore.

A nan ne gwani ya yi kuskuren da almajirin jiya ba zai yi ba. In ya nemi ƙanƙara wurin Korau, Korau zai san ana wani abu. In ya hura wutar narki, duk unguwa za ta ga hayaƙi. In ya sa a tanderu, sai ya bi ta hannun Mantau. Sai ya ɗebi garin dalma tsagwaronta, wadda ba a ɗaure ba, ya cakuɗa da ɗan yashi, ya kankare tsohuwar tagulla ya ƙona ya zuba don kore. Bai taɓa aiki da tagulla ba, bai san ita ma tana ƙara sassauta ɗauri ba. Ya gina kwano biyu, ya gasa a wani ɗan rami a bayan ɗakinsa, inda wuta ba ta kai rabin ta tanderu ba. Ɗaya ya fashe, ya binne gutsattsarin. Ɗayan ya fito kore shar, yana ɗaukar ido. Ya gaya wa kansa cewa tun da ya sha wuta, dalmar ta kwanta. Ya san abin da ya koya wa 'ya'yansa sarai, amma a lokacin tsoron mutane ya fi masa tsoron dalma.

A wannan kwano yake shan komai, kuma abin shansa kunun tsamiya ne. Bayan wani lokaci cikinsa ya fara murɗa, ya ɗaure tamau. Kun san maganinmu na ɗaurewar ciki. Sai ya riƙa jiƙa tsamiya a cikin kwanon, ya rufe ta wuni guda don ta tsumu, ya shanye. Ciwo ya ƙaru, ya ƙara tsamiya. Bakinsa ya riƙa yi masa ɗanɗanon ƙarfe, wani baƙin layi ya fito a dasashinsa, ya rame, ya zama mai mantuwa da faɗa ba gaira ba dalili. Daga baya hannuwansa suka fara saki daga wuyan hannu, suna lilo. Duk abin da ya ƙaru, sai ya ce, "Kun gani ko? Suna nan suna aiki a kaina." Aka ce a kai shi asibiti, ya ce so ake a ƙarasa shi a inda ba mai shaida. Ya sa kwaɗo a ɗakinsa, makulli a wuyansa.

Magana ta fita gari. Mata a bakin rijiya suka daina amsa gaisuwar Lantana da sakin fuska. A majalisa ana cewa Korau ne, don shi ya fara tayar da zancen gado. Wasu suka ce a'a, a lura da auta mai shiru-shiru. Su kansu ukun kowa yana satar kallon ɗan'uwansa, kowa yana cewa a ransa, anya? Tsoho kuwa yana ta tafiya, duk wanda ya gan shi ya san in ba wani ikon Allah ba, ba zai ga kaka ba.

Ga abin da Korau ya yi. Shi ne mai awo, ya san buhunansa kamar yadda ya san yatsunsa. Ya lura garin dalma ya ragu, amma yashi da farin yumɓu suna nan kusan yadda suke. Duk wanda ya ɗebi dalma bai ɗebi abin ɗaurinta ba, to ba ƙanƙara zai yi ba. Da farko ƙannensa ya zarga, ya yi ta bin sawunsu bai ga komai ba. Sai ya juya ya fara leƙen ubansa. Ranar da wanzami ya zo yi wa tsoho ƙaho a zaure, Korau ya haura katangar bayan ɗaki, ya ga ramin gashi da tokarsa, ya tona gefensa ya ci karo da gutsattsarin koren kwanon da ya fashe. Ya ɗauki guda, ya tsoma rabinsa cikin jiƙon tsamiya, ya bar rabi a waje. Da ya ciro, rabin da ya sha tsami ya dushe, ya yi fari-fari kamar an goge shi da toka, ɗayan rabin yana nan da sheƙinsa. Ya yi haka da gutsuren kwanon gidan, bai canza ba. Nan ya gane ƙyallin da ya bar jikin kwano cikin mai shan kunu ya tafi. Ya kira ƙannensa, kuma don su gane abin da yake nuna musu, dole ya buɗe musu awon ƙanƙara duka. Shi ne ya fara karya rantsuwa a gidan.

Suka yi shawara. In an gaya wa tsoho, zai ce makirci ne don a raba shi da abin da ke kare shi. In an fasa kwanon, zai sake gina wani a ɓoye, ko ya daina ci gaba ɗaya. Ba abin da ya rage sai a ba shi wani koren kwano da ba zai bambanta da nasa ba, wanda babu dalma a cikinsa ko ƙwaya.

Ga abin da Lantana ta yi. Kwanon da aka ce ta kwaikwaya ba ta taɓa riƙe shi ba, daga nesa kawai take hangensa in uban ya fito shan hantsi da shi a cinya. Ta riƙa share tsakar gida tana maimaita wuri ɗaya, tana auna faɗin bakinsa da ido, tana lura da inda ya ɗan karkace, da inda babban yatsan tsoho ya bar shaida a gindi. Shi kuwa yana harararta yana cewa, "Me kike shara a nan tun ɗazu? Me kika binne?" Ta ci gaba da shararta. Kore kuma ba dama ta yi shi da tagulla da dalma. Sai ta tuna tokar itace, in an wanke ta aka haɗa da yumɓun dutse, takan ba da kore in wuta ta yi tsanani ƙwarai. Ta yi ta gwaji a kan ƙananan gutsattsari, wani ya fito toka-toka, wani ruwan ƙasa, har ta dace. Ta gina kwanon da farin yumɓu mai jure zafi, ta kwaikwayi hannun ubanta har da kuskurensa, ta zana alamar da yake sa wa kwanukansa a gindi, abin da a gidan ba wanda ya isa ya yi. Bayan an gasa, ita ce kuma ta yi musanyar. Ta jira ya shiga wanka da rana ya manta bai danna kwaɗo ba, ta shiga da sabo a ƙarƙashin zane, ta juye jiƙon da ke ciki ta zuba sabon jiƙo, ta fito da tsohon. Ta san in ya kama ta a ɗakin nan da kwanonsa a hannu, duk abin da gari ke faɗa ya tabbata a kanta, kuma tsinuwar uba ce za ta biyo baya. Da ta fito, ta zauna a bayan rumbu ta yi kuka.

Ga abin da Mantau ya yi. Ƙyallin toka ba ya narkewa a wutar da suka saba, don babu dalmar da za ta sauko da shi. Tanderun kuwa an gina shi ne don wuta mai sauƙi, kuma tun yana koyo uban ya ja masa kunne cewa in cikin tanderu ya wuce ja ya fara komawa fari, ya janye itace, in ba haka ba gini zai tsage. Mantau ya ce wa uban zai gasa kayan kasuwa, ya tara busasshen itace fiye da na kullum, ya yi ta ciyarwa har ja ya wuce, har fari ya zo, bai janye ba. Bangon tanderu ya tsage daga sama, harshen wuta ya fito ya lashe masa dantse, ya cusa ɗanyen yumɓu a tsagar da hannunsa ya ci gaba. Duk kayan kasuwar da ya sa don rufe ido suka narke suka manne da juna. Kwano ɗaya ne ya fito lafiya, kore shar. Da uban ya ga tanderunsa a tsage ya zage shi tas a gaban maƙwabta, ya ce da gangan ya yi, Mantau ya sunkuyar da kai ya sha zagin.

Tsoho bai gane musanyar ba, don idonsa ya yi rauni, hannunsa kuma ba ya jin nauyi sosai. Murɗar ciki ta fara sauƙi, hankalinsa ya ɗan dawo. Amma hannuwan ba su tashi ba, jiki kuma yana nan a kwance, don abin da ya riga ya taru bai fita ba. Kuma ku ji fassarar da ya yi wa sauƙin: ya ce sammu ya fara karyewa saboda ya toshe musu hanya, don haka zai ƙara toshewa, asibiti kuwa ko sunansa kada a sake kira masa. Korau da Lantana suka ce a yi shiru, a ci gaba da addu'a, don in ya ji an yaudare shi, baƙin ciki ma ya isa ya kashe shi. Suka sa Mantau ya yi musu alkawarin kama bakinsa, ya kuwa yi.

Bai cika ba. Wata safiya ya ɗauko tsohon kwanon daga inda yayarsa ta ɓoye, ya je ya durƙusa gaban uban, ya ajiye shi kusa da sabon. Tsoho ya zaro ido. Mantau ya ce, "Baba, ban zo da magana ba. Kunnenka zai gaya maka." Ya sa farce ya ƙyasta sabon, ya yi ƙara siririya mai daɗewa. Ya ƙyasta tsohon, ya yi tuf, kamar an taɓa busasshiyar ƙwarya. Sa'an nan ya karkata shi wajen haske, cikinsa duk ya dushe har iyakar inda jiƙo ke tsayawa.

Shekarau magini ne, ba ya bukatar a ƙara masa bayani. Ya dubi kwanukan biyu. Ya tsayar da ido kan sabon ya ce, "Wa ya gina wannan?" Aka gaya masa. Ya san sai wanda ya ga fasasshen kwanon da ya binne ne zai gano haka, sai ya ce, "Wa ya tona mini bayan ɗaki?" Aka gaya masa. Ya ce, "A kai ni asibitin."

Likita ya auna jininsa ya ce dalma ce, ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Aka yi masa maganin da ke fitar da ita a hankali, ya rayu. Amma hannuwansa ba su dawo ba. Ba zai sake gini ba, ba zai sake dama kunu ba, ko kwano ba ya iya kaiwa bakinsa sai an riƙe masa.

Kuna tsammani ya dawo gida ya rungume su? Ba ku san Shekarau ba. Ya tara su a tsakar gida, ga kunu a gabansa yana tururi, ya ce, "Na san ba ku kuka ba ni guba ba, ni na ba kaina. Na kuma san ba don ku ba da yanzu ina kushewa. Amma kai Korau, ka haura mini katanga, ka karya rantsuwa, kuma ban san ko ni kake nema ka ceta ko sauran sirrina kake nema ka tsinta ba. Ke Lantana, kin yi hannuna har ni kaina ban gane ba, kin shiga ɗakina kin canza abin da nake sha ban sani ba. Wadda ta iya wannan don alheri, ta iya shi don komai. Kai kuma Mantau, ka dube ni ka yi mini ƙarya, ka fasa mini tanderu, sa'an nan ka juya ka tona 'yan'uwanka da ka yi wa alkawari. Zuciyata ba ta da faɗin da za ta yarda da mutum uku. Ɗaya zan iya, shi ma da ƙyar. Wanda na zaɓa, daga hannunsa zan ci in sha har in koma ga Allah, kuma shi zan bar wa tanderu da alamata."

Ni dai ban shiga zuciyar kowa ba, abin da aka yi na faɗa muku. Da Korau bai yi leƙe ba, da ba a san ciwon ba. Da Lantana ba ta yi yaudara ba, da gubar ba ta tsaya ba. Da Mantau bai saɓa umarni da alkawari ba, da babu kwano, babu asibiti. Ga su nan uku a durƙushe, ga tsoho da hannuwa a cinya ba sa motsi, yunwa na cinsa, kunu kuma yana hucewa.

To, ku da kuke da baki, wane ne a cikinsu ya fi cancanta ya ɗaga kwanon nan ya kai bakin Shekarau?